Ƙuri'ar dabara ko ta huce haushi: yadda mai ra'ayin talakawa zai yi lissafi a babban zaɓen Birtaniya

A zaɓen 4 ga Yulin 2024, a mazaɓar Chingford da Woodford Green da ke arewa maso gabashin Landan, Iain Duncan Smith na jam'iyyar Kwanzabatib ya koma majalisa da ƙuri'a 17,281. 'Yar takarar Leba, Shama Tatler, ta samu 12,524. Faiza Shaheen, wadda ta yi wa Leba takara a 2019 har ta kusa kayar da shi, amma jam'iyyar ta janye mata tikiti ana dab da zaɓe ta tsaya da ƙafarta, ta samu 12,445. Haɗa na matan biyu ka gani: 24,969. Sun fi shi da ƙuri'a sama da dubu bakwai, amma shi ke kan kujera. Bango ne ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

Duk wanda ke son asibitin gwamnati ya ci gaba da zama kyauta, a ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago, a gina gidaje masu sauƙin haya, a karɓi haraji mai kauri daga hannun masu hali, a daina sayar da makamai ga masu kashe fararen hula, wato mai irin ra'ayin da a Kano za a kira na Sawaba, wannan matsalar tana jiransa a rumfar zaɓe. Leba ce babbar jam'iyyar da ta fi kusa da shi, amma sau da yawa ita ce ke ɓata masa rai. Ƙananan da ke faɗin abin da ke zuciyarsa kuma ba ko'ina suke iya ci ba. Ko dai ya yi ƙuri'ar dabara, ya ba wanda zai iya tare wanda ba ya so, ko ya yi ta huce haushi, ya ba wanda ya kwanta masa ko da ba zai ci ba. Maganar ta shafi Hausawa kai tsaye, domin ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke zaune a Birtaniya da izinin zama, har da ɗalibi mai biza, doka ta ba shi damar yin rajista ya kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe, saboda ƙasashen nan suna cikin ƙungiyar Commonwealth. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan kuwa sai ya zama ɗan ƙasa tukuna.

Ƙuri'arka ba ta ƙetare iyakar mazaɓarka

Ba a zaɓen Firaminista da sunansa. Mazaɓu 650 ne, kowace tana fitar da ɗan majalisa ɗaya, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne ya ci, ko da da ɗaya ce, babu zagaye na biyu, babu sharaɗin kashi kaza cikin ɗari. Ya yi kama da zaɓen ɗan Majalisar Wakilai a Najeriya, ba na shugaban ƙasa ba inda ake tara ƙuri'u daga Sakkwato har Kalaba. Haka ya sa a 2024 Leba ta kwashe kujeru 411 da kashi 33.7 cikin ɗari na ƙuri'u, Reform UK mai tsananin ƙyamar baƙi ta samu ƙuri'a sama da miliyan huɗu amma kujera 5 kacal, Liberal Democrats ta samu ƙasa da na Reform amma ta tashi da kujera 72, sannan Green ta masu rajin kare muhalli ta tara kusan miliyan biyu ta samu 4.

Saboda haka duk shawarar da wani zai ba ka bai fara tambayar inda kake zaune ba, ajiye ta gefe. Abin da ya zama hikima a Bristol yana iya zama ɓarna a Runcorn.

Abubuwa biyar za ka tattara kafin ka yanke

Na farko, tabbatar da sunan mazaɓarka. An sake shata iyakoki kafin zaɓen 2024, unguwanni da yawa sun koma wata mazaɓar, wasu sunayen ma sun ɓace. Sa lambar adireshinka a shafin majalisar dokoki ko na Hukumar Zaɓe, zai fito maka da ita.

Na biyu, nemo sakamakon zaɓen da ya wuce, ka rubuta lambobi uku a takarda: na ɗaya, na biyu, na uku, da tazarar da ke tsakaninsu. Kada ka tsaya kan kashi cikin ɗari kawai, ƙirga mutane. Tazarar 600 mutanen layi huɗu ko biyar ne. A Hendon, Leba ta ci da ƙuri'a 15 a 2024, a Poole da 18. A North East Fife, a 2017, da ƙuri'a 2 aka raba gardama.

Na uku, duba abin da ya faru tun bayan wancan zaɓen, musamman zaɓen kansiloli a unguwannin da ke cikin mazaɓar da zaɓukan cike gurbi. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, suna yaƙin bara da makamin bara. A 2024 abin da ke gaban mai ra'ayin talakawa shi ne a kori Kwanzabatib bayan shekara 14. Amma a wannan zaɓen Reform ta zo ta biyu a mazaɓu 98, kuma 89 daga ciki a hannun Leba suke. A watan Mayun 2025 ta ƙwace Runcorn da Helsby daga Leba da ƙuri'a 6, alhali Green ta samu sama da 2,000 a wurin. A Oktoban 2025 kuma, a zaɓen cike gurbin majalisar Wales a Caerphilly, mutane suka ga Leba ba za ta iya tare Reform ba, suka rufu a kan Plaid Cymru, jam'iyyar 'yan kishin Wales, ta ci, Leba ta faɗo ta uku a garin da ya daɗe yana hannunta. Wanda ya dogara da tsohon sakamako ya dangwala wa Leba a can da sunan dabara, ƙuri'arsa bai sa ta inda ake fafatawar ba.

Na huɗu, ƙuri'ar jin ra'ayi ta mazaɓa-mazaɓa, irin wadda kamfanoni kamar YouGov da Survation ke fitarwa. Ka san yadda ake haɗa ta: ana tambayar dubban mutane a faɗin ƙasa, a duba shekarunsu da iliminsu da wanda suka zaɓa a da, sannan a yi kiyasin kowace mazaɓa gwargwadon irin mutanen da ke cikinta. Ba wai an bi gida-gida a garinku ba ne. Tana yin kyau wajen manyan jam'iyyu, amma makauniya ce idan aka zo kan ɗan takara mai zaman kansa da ke da farin jini a unguwa. Dubi uku ko huɗu. Idan duk sun dace kan su waye biyun farko, ka samu abin riƙewa. Idan sun saɓa, koma kan na biyar.

Na biyar shi ne idonka. Wa ke ƙwanƙwasa ƙofofi a layinku? Allunan wa ke kafe a gaban gidajen mutane, ba a kan fitilun titi ba? Takardar wa ta faɗo ta ramin wasiƙa sau huɗu, ta wa ta zo sau ɗaya? Jam'iyyu ba sa zuba kuɗi da 'yan sa-kai inda suka san ba za su ci ba. Ɗan takarar da ba ka taɓa ganin mutanensa ba, sunansa kawai aka sa a takarda. Sai dai ka yi hattara da zanen ginshiƙai da ake bugawa a takardun kamfe, wanda ke nuna "wane ba zai iya ci a nan ba". Karanta ƙananan haruffan da ke ƙasa. Sau da yawa za ka tarar alƙaluman na zaɓen kansila ne a gunduma ɗaya, ko na wani zaɓen da ba shi da alaƙa da wannan.

Shafukan da ke ba da shawarar wa za a zaɓa, irin su tactical.vote da wanda ƙungiyar Best for Britain ke gudanarwa, suna da amfani, amma ba wahayi ba ne. Kensington ta isa darasi. Emma Dent Coad ta Leba ta ci kujerar a 2017 da ƙuri'a 20. A 2019 wasu masu ba da shawara suka ce Sam Gyimah na Liberal Democrats ne zai iya tare Kwanzabatib. Ya samu 9,312, ya zo na uku, ita kuma ta faɗi da ƙuri'a 150. Ƙa'idar da za ka riƙe: idan mai ra'ayi kusa da naka ne ke kan kujerar, sai da hujja mai ƙarfin gaske za ka bar shi ka bi wani da sunan dabara.

Inda ake kan siraɗi

Idan biyun farko su ne ɗan Kwanzabatib ko Reform a gefe ɗaya, da wani da za ka iya haƙuri da shi a ɗaya gefen, kuma tazarar ba ta wuce kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ba, ba wurin huce haushi ba ne. Ba wa wanda zai iya tare su, ko Leba ne, ko Liberal Democrats a kudu da kudu maso yammacin Ingila, ko SNP ta masu neman 'yancin kai a Sikotland, ko Plaid Cymru a Wales. A 2024 Leba ta kayar da tsohuwar Firaminista Liz Truss ta Kwanzabatib a South West Norfolk da ƙuri'a 630 kacal.

Amma ka shiga da ido buɗe. Ƙuri'ar dabara bashi ce da ba a rubuta ba, wanda ka ba yana iya ɗaukarta kyauta. A 2010 masu ra'ayin talakawa da yawa sun zaɓi Liberal Democrats don su tare Kwanzabatib, sai ga jam'iyyun biyu sun kafa gwamnatin haɗin gambiza, aka ninka kuɗin jami'a zuwa fam 9,000 a shekara, aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Don haka tambayi ɗan takarar, a taron jama'a ko ta wasiƙa, wa jam'iyyarsa za ta mara wa baya idan babu wadda ta kai kujera 326, wato rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai. Kuma idan ka ba shi, rubuta masa bayan zaɓe ka gaya masa aro ka ba shi da dalilin aron. Takardar ƙuri'a ba ta magana. Wadda aka dangwala da murna da wadda aka dangwala da takaici duk ɗaya suke a tebur ɗin ƙirga.

Kada kuma tambarin jam'iyya ya rufe maka ido daga mutumin. Ba duka 'yan Leba ne ɗaya ba. A Nuwamban 2023, 'yan majalisar Leba 56 sun bijire wa shugabancinsu suka goyi bayan ƙudirin tsagaita wuta a Gaza. A Yulin 2024, bakwai, ciki har da John McDonnell da Zarah Sultana, sun kaɗa ƙuri'ar a soke dokar da ta taƙaita tallafin yara ga 'ya'ya biyu na farko, aka dakatar da su saboda haka. Shafin TheyWorkForYou yana nuna yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a a kan kowane ƙudiri. Kayar da irin waɗannan don fushi da shugaban jam'iyya rage ƙarfin ɓangarenka ne a cikin majalisa.

Inda kujerar ba ta motsi

Idan wanda ke kai ya ba na biyu tazarar kashi ashirin ko fiye, kuma babu alamar guguwa, hannunka a sake yake. Nan ne ƙuri'ar huce haushi ba ta da tsada, kuma tana da riba ta zahiri da mutane da yawa ba su sani ba. Kowane ɗan takara yana ajiye fam 500 kafin ya tsaya, ba a mayar masa sai ya wuce kashi biyar cikin ɗari. Ga ƙaramar jam'iyya mai 'yan takara ɗaruruwa, wannan kuɗi ne mai yawa. Sannan tallafin da majalisa ke ba jam'iyyun adawa ana lissafa shi ne kan kowace kujera da kuma kan kowace ƙuri'a 200 da jam'iyyar ta samu a faɗin ƙasa, muddin tana da kujera biyu, ko kujera ɗaya da ƙuri'a sama da 150,000. Ƙuri'ar da ka ba Green a inda ba za ta ci ba tana shiga wannan lissafin.

Abu mafi girma shi ne matsayi na biyu. Jam'iyyar da ta zo ta biyu yau ita ce za ta ce wa mutane gobe "mu ne za mu iya". Da haka Green ta gina Bristol: ta tara kansiloli shekara da shekaru, ta zama babbar mai ƙalubalantar Leba a birnin, sannan a 2024 Carla Denyer ta Green ta kayar da Thangam Debbonaire ta Leba a Bristol Central. A wannan zaɓen Green ta zo ta biyu a kusan mazaɓu 40, galibinsu na Leba a cikin manyan birane. A irin waɗannan wurare fafatawar tsakanin Leba da Green ce, babu tsoron buɗe wa Reform ƙofa, zaɓi wanda ya kwanta maka.

Huce haushin da ke cin kujera

Zaɓen 2024 ya nuna cewa kujerar da ake ganin ta kafu tana iya tumɓukewa. Jonathan Ashworth na Leba ya ci Leicester South a 2019 da tazarar sama da 22,000, amma Shockat Adam, mai zaman kansa, ya kayar da shi da 979. Cikin sauran masu zaman kansu, Ayoub Khan ya ci Birmingham Perry Barr da 507, Adnan Hussain ya ci Blackburn da 132, Iqbal Mohamed ya ci Dewsbury da Batley, Jeremy Corbyn, tsohon shugaban Leba, kuma ya riƙe Islington North da tazarar sama da 7,000 bayan Leba ta hana shi tikiti. Wes Streeting na Leba da ƙyar ya sha a Ilford North, da 528. Batun Gaza ne ya haɗa mafi yawan waɗannan, kamar yadda yaƙin Iraƙi ya ba George Galloway kujerar Bethnal Green da Bow a 2005.

Abin lura shi ne ba fushi kaɗai ya kawo wannan ba. A wuraren da aka yi nasara, masu fushin sun taru a kan mutum ɗaya sananne a unguwa, kuma Kwanzabatib ba ta da ƙarfin da za ta shige ta tsakiya. Inda ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya ɓace, sakamakon ya juye. A Leicester East, makwabciyar mazaɓar da Shockat Adam ya ci, tsofaffin 'yan majalisar wurin biyu, Keith Vaz da Claudia Webbe, sun tsaya ba a inuwar Leba ba, ƙuri'u suka tarwatse, Shivani Raja ta Kwanzabatib ta ci. Ita ce kujera ɗaya tilo da jam'iyyar ta ƙwato daga hannun wata a duk ƙasar a wannan zaɓen.

To kafin ka bi ɗan takara mai zaman kansa, yi wannan gwajin. Ɗauki ƙuri'un Leba da na sauran masu ra'ayin kawo sauyi a zaɓen da ya wuce, haɗa su, raba biyu. Idan rabin ya fi abin da kake tsammanin ɗan Kwanzabatib ko Reform zai samu, ko an rabu gida biyu ba a yi asara ba. Idan bai kai ba, rabuwa daidai wa daida za ta miƙa musu kujerar, kamar a Chingford, inda rabin 24,969 bai kusanci 17,281 ba. A irin wannan hali dole a tantance wanne ne cikin biyun ke gaba, a rufu a kansa. Sannan bincika mutumin da kansa. Yarda da kai kan Gaza ba ta nufin ya yarda da kai kan albashi, haya, ko haƙƙin baƙi. Karanta takardarsa gaba ɗaya.

Lalata takarda da zaman gida

Babu gurbin "ban yarda da kowa ba" a takardar ƙuri'ar Birtaniya. Wanda bai ga na zaɓa ba yana iya lalata takardarsa da gangan. Ana ƙirga lalatattun ƙuri'u a sanar da adadinsu tare da sakamako, kuma ana nuna wa wakilan 'yan takara waɗanda ake shakka a kansu, don haka suna ganin abin da aka rubuta. In za ka yi, ja layi ɗaya da ya ratsa dukkan sunaye, ko ka sa alama a gaban kowa. Kada ka yi zane ko rubutu a cikin gurbin mutum ɗaya, domin jami'in zaɓe na iya ɗaukarsa a matsayin nufinka ya ƙirga masa. Kada kuma ka rubuta sunanka. Tasirin wannan hanyar kaɗan ne, amma ta fi zaman gida nesa. Kusan kashi 40 cikin ɗari ba su fita ba a 2024, kuma babu mai iya bambance wanda ya ƙi don manufa da wanda barci ya ɗauke.

Akwai kuma musayar ƙuri'a. Mai son Green da ke mazaɓar kan siraɗi ya yi alkawari da mai son Leba da ke inda Green ke da dama, kowa ya zaɓi na ɗan'uwansa. Doka ba ta hana ba, shafin Swap My Vote ma yana haɗa mutane, amma amana ce zalla, babu hanyar tabbatarwa, kuma kada ka nemi a ɗauko maka hoton takarda daga cikin rumfa, domin dokar sirrin ƙuri'a na iya hawa kan mai ɗaukar. Ɗalibi mai adireshi biyu yana da damar yin rajista a duka biyun, ya zaɓi inda ƙuri'arsa ta fi nauyi, amma sau ɗaya kawai zai kaɗa a babban zaɓe. Sau biyu laifi ne.

Kwanaki da takardu

A Ingila da Sikotland da Wales, ana rufe rajista kwanakin aiki 12 kafin zaɓe. Neman ƙuri'a ta gidan waya yana rufewa ƙarfe 5 na yamma, kwanakin aiki 11 kafin ranar, neman wakilci kuma kwanakin aiki 6. Ireland ta Arewa tana da nata ƙa'idojin da nata jam'iyyun.

Mai ƙuri'ar gidan waya ya kula da wani tarko: takardar tana zuwa da wuri, tun kafin hoto ya fito sarai kan su waye biyun farko. Idan mazaɓarka ta rikice, ba dole ne ka aika nan take ba. Kana iya riƙe ta ka kai da hannu rumfar zaɓe a ranar, ka cike ɗan fom, muddin ta isa kafin ƙarfe 10 na dare. Banda taka, ba za ka kai na mutum fiye da biyar ba.

Ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare, kuma sai da katin shaida mai hoto. Fasfon ƙasar Commonwealth ya isa, haka lasisin tuƙi na Birtaniya, ko da wa'adinsa ya ƙare in dai hoton yana kama da kai. Wanda ba shi da ko ɗaya ya nemi takardar shaidar mai zaɓe daga ƙaramar hukumarsa, kyauta ce, amma kafin ƙarfe 5 na yamma kwanakin aiki 6 kafin zaɓe. Mace mai niƙabi tana iya neman a duba fuskarta a keɓantaccen wuri, ta kuma roƙi mace ta duba in akwai. Maigida ba zai shiga ɗakin dangwale da matarsa ko ɗansa ya nuna musu inda za su sa alama ba, dokar 2023 ta mai da hakan laifi, haka ma tsoratar da mutum da sunan addini don ya zaɓi wane laifi ne a dokar zaɓe. A gama shawarar a gida.

Alamar X ɗaya ake sawa a gurbi ɗaya, da fensirin da ke rataye a ɗakin ko biron da ka zo da shi. Idan hannunka ya kauce ka sa a inda ba ka nufa ba, kada ka goge, kada ka jefa. Mayar wa jami'in da ke tebur, zai soke ta ya ba ka sabuwa. Idan kuma ƙarfe 10 ta buga kana cikin layi, kada ka tafi, doka ta ce sai an ba ka takardarka.